Agogon Alhaji a Hannun Ja'afaru

Shekara ashirin da uku Ja'afaru ya yi yana tuƙa Alhaji Abdulbaqi. Mutumin Ringim ne, ya shigo Kano da ƙuruciyarsa, ya yi aure, ya samu ɗaki biyu a Kaura Goje shi da matarsa Binta. Kullum kafin takwas na safe ya iso gidan Alhaji a Nassarawa GRA, ya gaisa da maigadi, ya wanke mota a ƙarƙashin mangwaro, ya zauna jiran fitowar maigidan.

Alhaji Abdulbaqi tsohon likitan dabbobi ne. Tun da ya yi ritaya babu abin da ya fi faranta masa rai kamar garken shanunsa da ke hanyar Gezawa. Shekara uku ke nan da hannunsa na dama ya soma rawa. Da farko babban yatsa ne kawai, kamar mai murza carbi. Daga baya takunsa ya gajarta, muryarsa ta yi ƙasa, ya daina yi wa shanu allura da kansa. Likitoci suka ce ciwon jijiyoyi ne da ake kira Fakinsan, ba ya warkewa, amma magani yana lallaɓa shi.

Wata Asabar 'yarsa Muhibba ta zo daga Abuja da wani ɗan akwati. Ja'afaru ya shigo da jakunkunanta falo, sai ya tarar tana ɗaura wa mahaifinta wani baƙin abu a hannun dama. Agogo ne a siffa, amma babu lamba a fuskarsa, babu hannu mai juyawa, sai ɗan koren haske da ke ƙiftawa.

"Wannan zai riƙa auna motsin hannunka, Abba," in ji ta. "Rawar hannu, saurin tafiya, ko ka faɗi, Allah ya kiyaye. Duk zai tura wa Dakta Anas a Ikko. Ba sai ka riƙa hawa jirgi kowane wata ba. Ni ma zan riƙa gani a wayata."

"Ke ma?"

"Ni ma mana. Kuma in muka ga abin yana ƙaruwa, zuwa gona ya ƙare. Mun gama magana da Umma."

Alhaji ya dubi matarsa Hajiya Safina, ita kuwa ta mai da hankalinta kan labule.

Mako guda aka yi wayar Alhaji ba ta huta ba. Suna cikin mota sai Muhibba ta kira. Abba, ƙarfe sha ɗaya hannunka ya yi rawa sosai, ka sha magani? Abba, na ga ka daɗe a zaune wuri ɗaya, lafiya? Ja'afaru yana jin komai daga kujerar direba, yana mamaki. Yarinyar da ya riƙa kaiwa firamare, ga ta can Abuja tana ganin hannun ubanta a hanyar Gezawa. Ya yi ta juya abin a ransa bai gane ta inda take hangowa ba.

Ranar Litinin ta biyu, sun wuce Badawa kaɗan, Alhaji ya ce ya tsaya a gefen titi. Ya yi ta fama da maɗaurin agogon har ya kwance, ya miƙo shi gaba.

"Ɗaura."

"Ni, ranka ya daɗe?"

"Akwai wani a motar nan? A hannun dama. Ka ja hannun riga ka rufe."

Ja'afaru ya karɓa da hannu biyu kamar an ba shi ƙwai. "Alhaji, ba za su gane ba?"

"Shekara talatin ina maƙala wa shanu lamba a kunne. Yanzu ni aka maƙala wa. Daga goma zuwa huɗu kai za ka riƙe, da yamma ka ba ni abina. Hannunka lafiya lau yake, su gani su kwantar da hankalinsu, ni ma in sha iska."

"To in na yi tafiya, can Ikko sai a ga kai ne ka yi?"

"Haka ne."

"In na faɗi fa?"

"Kada ka faɗi. Ja mota."

Ranar Ja'afaru bai ji daɗin tuƙi ba. Ya riƙe hannun daman a sandare, yana juya sitiyari da hagu. Da suka isa gona makiyaya suka soma ba'arsu da shi kamar kullum, ya ƙi tankawa, don bai tabbata abin ba ya ji ba. Alhaji ya ce masa agogon ba ya ji, ba ya gani, motsi kawai ya sani. To amma abin da ya san mutum ya zauna, ya san ya tashi, me zai hana shi jin magana? Da Azahar ya tsaya da buta a hannu yana tunanin ko ruwa zai kashe shi. Da ya yi sujada ya ga koren hasken a ƙarƙashin hannun rigarsa, sai ya rasa a raka'a ta nawa yake.

Sannu a hankali ya saba. Kiran Muhibba ya ragu, kuma in ta kira murna take yi. Abba, jiya ka yi tafiya sosai! Abba, da rana hannunka kamar ba shi ba! Alhaji ya riƙa amsawa da alhamdulillahi, yana kallon waje ta taga. Ya yi ta zuwa gonarsa, ya zauna a inuwar darbejiya, a kawo masa maruƙa ɗaya bayan ɗaya yana duba idonsu da dasashinsu, hannun yana rawarsa babu mai kira.

Wata yamma bayan La'asar Ja'afaru ya koma gida ya gaya wa Binta maganar agogon. Tana tankaɗe, ta ajiye rariya.

"Malam, ai wannan ƙarya ce."

"Ni ban buɗe baki na ce komai ba."

"Hannunka yana faɗa."

"Hannu yana magana ne? Kuma maigidana ne ya sa ni. In ce masa a'a?"

"Ni dai ban sani ba," in ji ta, ta ɗauki rariyarta. Shi ma bai sani ba. In amana ce, ta wa ya ci? Ta Alhaji ya riƙe. Muhibba ba ta tambaye shi komai ba. Likitan kuwa bai taɓa ganinsa ba, bai ma san akwai wani Ja'afaru a duniya ba.

A mako na huɗu, da safe, Hajiya Safina ta fito da kanta har wajen mota da ɗan akwatin magani. Ita take riƙe da kwalaben, ita take zuba na kowace rana.

"Ja'afaru, na rana yanzu rabin ƙwaya ne. Dakta ya ce na'urar ta nuna da rana jikin ya yi sauƙi ƙwarai, har akwai wani ɗan motsi da yake zargin maganin ne ya yi yawa. Ka tabbatar ya sha ƙarfe sha biyu."

Ja'afaru ya ce to. Da suka fita get ya dubi Alhaji ta madubi.

"Ranka ya daɗe, an rage magani."

"Na ji."

"Saboda hannuna aka rage?"

"Rabin ƙwaya ba zai kashe ni ba."

"Ko mu gaya wa Hajiya?"

"Ka kalli hanya, Ja'afaru."

Kwana uku Ja'afaru yana ganin abin da rabin ƙwayar ke yi. Ƙarfe biyu na yi sai Alhaji ya yi nauyi. Tashi daga kujera sai an ja shi. Maganarsa ta koma kamar raɗa. Amma da an yi maganar Hajiya sai ya haɗe fuska.

Ranar Juma'a suka tafi masallaci. An idar da salla, jama'a suna fitowa, Alhaji ya zo daidai bakin ƙofa sai ƙafafunsa suka tsaya cak, kamar an liƙe su da siminti. Jikinsa na sama yana son gaba, ƙafa ta ƙi. Na baya ba su san abin da ke faruwa ba, suka matso. Ja'afaru ya sunkuya ɗauko takalma, kafin ya ɗago Alhaji ya tafi da fuska a kan matakala. Goshi ya fashe, jini ya ɓata farar babbar riga. Mutane suka taru ana salati. Ja'afaru ya bar shi a hannun wasu dattawa biyu, ya zuba da gudu inda ya ajiye mota, can nesa saboda cunkoso. Rabonsa da irin wannan gudu tun yana saurayi.

A wani ƙaramin asibiti kusa da Giginyu aka yi wa Alhaji ɗinki huɗu, aka ce babu karaya. Da suka dawo gida Hajiya ta kira Muhibba, ta sa wayar a fili kowa yana ji.

"Umma, ban gane ba," in ji Muhibba, muryarta tana rawa. "In ya faɗi ai wayata tana ƙara. Ba ta yi ba. Ƙarfe nawa ya faɗi?"

"Biyu da 'yan mintuna."

"To ni a nan ƙarfe biyu da kwata gudu yake yi. Gudu, Umma! Abba yana gudu?"

Hajiya ta dubi mijinta, ya rufe ido kamar mai barci. Agogon yana hannunsa, don tun a asibiti Ja'afaru ya faki idon ma'aikata ya mayar masa. Ja'afaru ya sulale waje, ya zauna a kan bencin maigadi, ya rasa inda zai sa kansa. Ya ce a ransa da agogon yana hannun mai shi da an san ya faɗi. Sai kuma ya ce to in an sani me zai canza, ai ya riga ya faɗi. Sai ya tuna rabin ƙwayar.

Washegari da hantsi aka shirya kiran bidiyo da Dakta Anas. Alhaji yana zaune a falo da filasta a goshi, Hajiya a gefensa, Muhibba ta shigo kiran daga Abuja. Hannun Alhaji ba ya iya riƙe waya, Hajiya kuma ta ce tabaranta ba sa nuna mata allon sosai, sai aka kira Ja'afaru ya tsaya a gabansu ya riƙe, fuskar wayar tana kallon Alhaji.

Likitan matashi ne, Hausarsa ta Zazzagawa. Ya yi wa Alhaji sannu, sannan ya ce, "Baba, zan faɗi gaskiya, na ruɗe. Jiya na zauna da bayanan wata guda, na rasa yadda zan haɗa su. Da safe da yamma ina ganin ciwonka yadda na san shi. Hannu yana rawa in yana hutawa, a hankali, taku gajere. Amma daga goma zuwa huɗu wannan rawar tana ɓacewa gaba ɗaya, taku ya yi tsawo, sai wata rawar dabam ta fito. 'Yar ƙarama ce, mai sauri, kuma ba ta zuwa sai hannu yana aiki. Na ɗauka magani ne ya yi yawa, shi ya sa na rage. Na yi gaggawa, ya kamata in gan ka tukuna. Kuskurena ne wannan. Amma har yanzu kamar mutum biyu nake dubawa."



"Ko na'urar ce ta lalace?" in ji Hajiya.

"Zai yiwu, Hajiya. Amma lalacewar da ke farawa ƙarfe goma ta daina ƙarfe huɗu, ban taɓa gani ba." Ya matso da fuskarsa. "Afuwan, wa yake riƙe da wayar nan?"

"Direbanmu ne, Malam Ja'afaru."

"Hoton yana ɗan girgiza tun ɗazu. Malam Ja'afaru, ko ka gaji ne?"

Ja'afaru ya dubi Alhaji. Alhaji ya dubi kafet. Sai Ja'afaru ya ji bakinsa ya buɗe ba tare da ya shirya ba.

"Likita, ni ne. Ni nake ɗaurawa da rana. Gudun jiya ma nawa ne."

Hajiya ta ce innalillahi, ta dafe ƙirji. Muhibba ta ce, "Baba Ja'afaru, kai?" da wata murya da ta fi masa zagi ciwo.

"Ni na sa shi," in ji Alhaji, a hankali. "Kada wanda ya taɓa shi. Umarni na ba shi."

Aka yi ta magana a haɗe, Hajiya tana faɗa, Muhibba tana kuka, likitan yana cewa a yi haƙuri. Da ƙura ta lafa ya mayar da maganin rana yadda yake, ya ce agogon ba ɗan sanda ba ne, in Baba ba ya so gara a cire a ajiye, da a ba shi labarin wani. Ja'afaru ya ɗauka an gama, yana jiran a ce ya ajiye makullin mota ya tafi. Sai ya ji likitan ya ce, "Hajiya, don Allah ki karɓi wayar, ki juyo ta wajen Malam Ja'afaru."

Karo na farko ke nan da suka ga juna.

"Malam, miƙe hannuwanka gaba, ka buɗe yatsu. Yawwa. A ɗora masa takarda a bayan hannu."

Hajiya ta yago shafi daga kalanda ta ɗora. Ja'afaru ya zuba wa takardar ido. Gefenta yana karkarwa, ƙasa-ƙasa, kamar ganye in iska ta soma kaɗawa. Ya ƙara sandare hannun, karkarwar ta ƙaru.

"Tsoro ne, likita. Yau hankalina a tashe yake."

"Tsoro yana ƙara ta, gaskiya ne. Amma wata guda ina ganinta, kullum, har ranakun da babu abin tsoro. A ba shi kofi da ruwa ya kai baki."

Ya kai. Ruwan ya yi ta rawa a cikin kofin, bakin kofin ya ɗan ƙwanƙwasa haƙorinsa.

Ja'afaru ya ajiye, ya goge hannu a riga. "A jikin agogon na ɗauka? Da ma na ce gumin Alhaji yana jiki."

"A'a, ba a ɗauka. Agogon gani kawai ya yi. A danginku akwai mai rawar hannu?"

Zai ce babu, sai ya tuna mahaifinsa a Ringim, yadda ludayi ke kaɗawa a hannunsa har fura ta zuba a gemu. "Babana. Amma shi tsufa ne."

"Wataƙila ba tsufa kaɗai ba ne. A yadda nake gani, ba irin ciwon Baba ba ne. Akwai wata rawar hannu da ke bin jini, mai sauƙi, mutane suna shekaru da ita suna aikinsu. Amma ba zan yanke hukunci ta waya ba, na riga na yi gaggawa sau ɗaya. Akwai abokin aikina nan Kano, zan haɗa ku, ya duba ka da hannunsa. Kafin nan ka ɗan dakata da tuƙi."

Ja'afaru ya fito tsakar gida. Ya shiga falon nan a matsayin mai laifi, ya fito mara lafiya, kuma bai ji ciwo a ko'ina ba. Ya ɗaga hannun a rana ya duba. Tsaye yake ƙyam. Ya ɗauki bokitin wanke mota, bai ji komai ba. To wanne ne gaskiya, hannun da yake gani ko wanda ake gani a Ikko?

Kwana tara ya yi ba ya tuƙi. Ya riƙa zuwa gidan Alhaji duk da haka, don bai san inda zai je ba. Hajiya ta yi kwana uku ba ta amsa gaisuwarsa da kyau, a na huɗu ta aiko masa da abinci a kwanon baƙi. Muhibba ta zo, suka kulle ƙofa da mahaifinta tun hantsi har Azahar. Abin da aka cim ma shi ne a cire wayarta daga ganin bayanan, likita kaɗai zai riƙa gani, gona kuma sau biyu a mako, da sanda, da wani a kusa. Da za ta tafi ta tsaya wajen Ja'afaru.

"Baba Ja'afaru, da ka gaya min."

"Da na gaya miki, da na ci amanarsa. Da na yi shiru, ga abin da ya faru. Har yau ban san wanne ya kamata ba, Muhibba."

Ta ce dai ya je asibitin, kada ya fasa.

Ranar zuwa asibiti Alhaji ya ce shi zai raka shi. Maƙwabci ya ba su aron direbansa, suka zauna a baya su biyu, abin da bai taɓa faruwa ba. Ja'afaru ya rasa yadda zai yi da ƙafafunsa. Sun yi nisa Alhaji ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Na sa ka a abin da bai kamace ka ba. Ka yafe ni."

"Haba, ranka ya daɗe."

"Ka ce ka yafe."

"Na yafe."

Likitan Kano ya sa shi ya zana da'ira a takarda, ya taɓa hancinsa da yatsa, ya yi tafiya a baranda, aka ɗebi jini. Bayan kwana biyu ya tabbatar da abin da Dakta Anas ya zata. Ya ce zai iya komawa tuƙi, ya rage goro da shayi mai ƙarfi, ya dawo bayan wata shida, ko kafin nan in ya ga canji.

Da yamma ya koma Kaura Goje ya zauna a tabarma ya ba Binta labari tun daga farko. Ta saurara tana zuba masa kunu. Ya ce abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne, mutum yana Ikko ya ga abin da ke hannunsa, shi mai hannun bai gani ba, kuma babu wanda ya gani a duk garin nan.

"Ni na gani," in ji Binta.

"Kin gani? Yaushe?"

"Ya kai shekara biyu. Ba ka lura na daina cika maka kofi ba?"

Ya leƙa kofin. Kunun ya tsaya da tazarar yatsa biyu daga baki.

"Me ya hana ki faɗa min?"

"Hannunka ne, Malam. Na zaci ka sani, ba ka son a yi maganar ne."

Ya daɗe riƙe da kofin yana kallonta. Sannan ya tambaye ta ko akwai wani abin da ta gani wanda shi bai sani ba. Ta yi dariya, ta ce ya sha kununsa tukuna kada ya huce.